Wardi Ɗaya a Kazanlak

Shekara talatin da huɗu Radko yana dafa wardi.
Buhu-buhu ake kawo shi da asuba, raɓa na jikinsa,
ya juye a tukunyar tagulla, ya hura wuta,
ya jira turare ya ɗiga.
Bai taɓa duban guda ɗaya ido da ido ba.
Wa ke tsayawa gaida ƙwaya a kasuwar hatsi?

Yanzu ya yi ritaya. Ga shi a teburin kicin,
tabarau ya zame zuwa karan hanci,
fure ɗaya tak a tsohuwar kwalbar zuma,
da akwatin fensir, launi saba'in da biyu,
wanda 'yarsa Desislava ta aiko daga Burgas.

Ranar farko ja ya ɗauka.
Ya danna, ya murza, ya sake dannawa
har takarda ta yi santsi, ta ƙi karɓar ƙari.
Yordanka ta leƙo ta bayan kafaɗarsa:
"Kabejin nan, a sa masa gishiri?"

Ashe wardi ba ja ba ne kawai.
Can gindin kunnen furen akwai ruwan ɗorawa, ɗan mitsitsi,
shunayya ta laɓe a cikin naɗi,
inuwar ƙasa kuwa shuɗi take so, baƙi kashe ta yake yi.
Farin nan na baki-baki, inda hasken taga ya sauka,
duk akwatin babu mai ba da shi,
sai dai ka ƙyale takarda ta huta a wurin.
Wannan kaɗai ya ci masa sati uku.

Hannun da shebur ya raina
ya koma koyon tausayi:
shafa ɗaya, a hankali, wata shafar a kanta,
kamar mai taɓa goshin yaro don jin ko zazzaɓi ya sauka.
Ɓawon fiƙa ya cika farantin shayi.

Shi fure ba ya jiran kowa.
Kafin a gama kunne uku, na huɗu ya sunkuya.
Laraba da safe biyu sun zube kan tebur.
"Tsaya mana," in ji Radko, "ina za ka?"
Ya yanko wani a bakin shinge,
wannan kuma tsutsa ta riga shi, ta huda ganye.
Ya so ya rufa masa asiri.
Yordanka ta ce, "Zana hudar. Ai da ita ya zo."

Ya zana. Gefenta ruwan ƙasa, a bushe, a karkace.
Nan ne zanen ya fara numfashi.

Hancinsa ya daɗe da mutuwa ga wardi,
tururin tukunya ya cinye shi tun tuni.
Da jikarsa Bilyana ta zo hutu
sai ya miƙa mata takardar: "Shinshina, ki gaya mini."
Ta rufe ido, ta ja numfashi, ta daɗe.
"Kaka, ƙanshin katako yake."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
sannan ya jawo mafiƙi.