Layi Na Ɗari Biyu Da Sha Huɗu

Inna ta tambaye ni a bakin murhun banda,
hayaƙi na cin idonta, tarwaɗa na naɗe a kan waya:
"Wai likitan da za ka zama, Garga,
yana allura?"
Na ce a'a.
"Yana fiɗa?"
A'a.
"To me yake yi?"
Na ce ƙirga.
Ta juya kifi, ta ce, "Ni ma kullum ƙirga nake,
ba wanda ya sa mini hula."

Shekara ta uku ke nan
ina tsallaka gada da jakar takardu,
Kuseri a bayana, Injamena a gabana,
kogi a ƙasa yana tafiyarsa, bai san iyaka ba.
Amai da gudawa ma haka.
Jandarma ya duba katina, ya duba fuskata,
cutar ta wuce ta gefensa cikin jarka,
ko sallama ba ta yi masa ba.

Rajistar asibiti ta sha damina.
Gara ta cinye rabin Agusta.
A wani shafin, wurin shekarun mara lafiya,
malamin jinya ya rubuta "babba".
Babba nawa ne?
Na'ura ba ta san babba ba.
Nakan raba dare ina lallashin gurabe,
wuta ta ɗauke, in kunna fitilar waya,
sauro na ɗibar jinina ba takardar izini,
ni kuwa wata bakwai na jira tawa.

Farfesa Falmata ta bi babina na huɗu da jan biro:
"Ka ce rijiyar ce. Da me ka sani?
Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.
Koma ka kawo hujja."
Na koma.
Na ware masu shan kogi da masu shan rijiya,
na ware masu sabulu da marasa shi,
na tace, na sake tacewa kamar mai koko.
Kashi casa'in da biyar cikin ɗari na amince.
Biyar ɗin da suka rage
su ke kwana a kan ƙirjina.

Sai layi na ɗari biyu da sha huɗu.
Namiji. Shekara shida. Unguwar Madana.
Ya zo Talata da la'asar.
A gurbin ƙarshe, sifili na nufin ya tashi,
ɗaya na nufin bai tashi ba.
Ɗaya ne.
Na san shi. Bishara, ɗan mai gyaran taru,
wanda ke bin babur ɗina yana roƙon murfin biro
don ya yi usur da shi.
Ƙa'ida ta ce a goge suna, a bar lamba.
Na goge.
Na daɗe yatsana bai bar maɓallin ba.

Ban kare kundin ba tukuna.
Kwat ɗin aro na rataye, an ɗaga ranar sau biyu.
Amma taswirar da na ɗiga wa jajayen ɗigo
ta isa teburin da ya kamata,
an rufe bakin rijiya guda,
an kafa famfo kusa da tsamiya.

Aikin nan ladansa ba ya da fuska.
Wanda bai kamu ba, ba ya shiga littafi,
ba ya zuwa godiya da kaza,
bai ma san an yi da shi ba.

Jiya da yamma muka bi ta wurin, ni da Inna,
tirenta a ka, takarduna a hammata.
Yara na danna famfo, suna watsa wa juna ruwa,
ba wanda ya san ni.
Bakina ya motsa da kansa.
Na ce, "Sha shida."
Inna ko waiwaye ba ta yi ba.
Ta ce, "Sha bakwai.
Ka tsallake na goye, likita."