Kilo Ashirin da Uku

Takardar ta iso ran Talata, ana ruwa.
Wata shida, in ji su, a Atakama,
can ƙasar Chile, inda tagulla ke kwance
ƙarƙashin ƙasar da ba ta san laima ba.
Ni da na girma a Jos,
inda Agusta ke hana wanki bushewa,
me na sani game da ƙishirwa?

Sai na gangara Taminus wurin Malam Tanimu,
mai baza littattafai kan buhu
tsakanin mai gyaran agogo da mai gasa masara.
Na ce, "Hamada za ni, amma ba tamu ba,
ta masu Sifaniyanci."
Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.
"Lantana, dawo jibi."

Jibi ya miƙo huɗu, ɗaure da roba.

Na fari ƙamus ne, gara ta cinye bayansa,
daga harafin T zuwa ƙarshe babu.
Na koyi ruwa, na koyi gishiri,
amma "zan dawo" tana cikin gara.
A shafukan farko na yi karo da dangi:
alkalde, ashe jikan alƙali ne,
asukar kuwa ko suna bai sake ba.
In sun ce ohala, in Allah ya so suke nufi.
Wa ya kai su can? Raƙumi, sannan jirgin ruwa.

Na biyu tarihin garuruwan haƙar gishiri.
Kamfani ya zo, ya gina kasuwa da gidan rawa,
ya biya lebura da kwabon da shi ya buga,
wanda ba ya sayen komai sai a kantinsa.
Da ciniki ya mutu, ya kwashe ya tafi.
Akwai hoton takalmin yaro a bakin ƙofa,
shekara tamanin, ko ruɓewa bai yi ba.
Na rufe littafin.
Ai na san labarin nan.
Na san ramukan kuza na Bukur,
ruwan kore da ke kwance cikinsu shiru,
da yadda Inna ke hana mu kusantar baki.

Na uku na tsirrai ne, mai nauyin tsiya.
A ciki na ga mutane na kafa raga kan tudu,
suna tarkon raɓa kamar masu kamun fara.
Na kuma ga dankalin da muke lodi a Farin Gada
daga duwatsun wancan yanki ya taso.
To, shi ya riga ni yin tafiyar,
ni ziyara kawai zan mayar.

Na huɗu wani matafiyi ne mai yawan mita,
rana ta dame shi, alfadari ya dame shi.
Wanda ya riga ni karantawa
ya rubuta da jan biro a gefen shafi:
"Wa ya aike ka?"

Daren tafiya na aro sikelin Goggo Tasalla.
Akwati ya haura da kilo ɗaya da rabi.
Na fid da matafiyin, na fid da takalmi guda biyu,
allura ta dawo daidai, har da ɗan sarari.

A wannan sararin na sa na biyar,
wanda ba a sayarwa a Taminus:
littafin lissafin Baba Barau, da ajami,
kwano nawa na kuza ya ɗauka a ka,
sule nawa aka ba shi, nawa aka yanke.
A shafin ƙarshe babu lissafi.
Ranar haihuwata ce, da kalma uku:
"Yau ban je ba."

Waje ruwa bai tsaya ba.
Na buɗe taga na miƙa hannu,
na bar shi ya jiƙe har gwiwa.