Takardar Naɗe Tsire

Ɗan'azumi mai bola ya sauke mini buhu,
kilo uku na takarda, ya ce daga Ikoyi,
wani lauya ya rasu, magada sun share ɗaki.
Ni ba karatu na saya ba,
abin naɗe nama na saya.

Da ruwa ya tsuge a Obalende ciniki ya tsaya,
na raɓe ƙarƙashin gada, garwashi na huci,
na jawo wani littafi da bangonsa ya tafi
kamar kazar da aka fige.
Ɗan Turancin da na tsinta a aji shida ya ja ni:
lissafin ƙuri'un wata mazaɓa ne a Ingila,
garin da harshena ya kasa ɗaukar sunansa,
shekara na bin shekara kamar ƙwayar carbi.

A shafin farko masu zaɓe ba su cika ɗari uku ba,
duk masu gida da gona.
Na dubi teburina, na dubi ɗakin haya a zuci,
na ce da can ne, Talle, da ba ka ƙirgu ba.
Wani ya ci, ɗansa ya hau, jika ya ɗora,
sau huɗu ba abokin karawa,
kujera ta zama tukunyar kaka, ba ta fita gida.
Can gaba lambobi suka kumbura dare ɗaya,
na bi da yatsa: ashe mata ne suka shigo layi.

A shafi na sittin wani ya faɗi da ƙuri'a bakwai.
Bakwai!
Mutum bakwai da suka ce bari ruwa ya ɗauke,
ko doki ya yi ɗingishi, ko barci ya yi sata.
Duk da haka ga sunansa nan
a ƙarƙashin na wanda ya kayar da shi.
Nan abin ya tsaya mini a wuya:
har wanda ya sha ƙasa an ajiye masa layi.

Ni zaɓe shida na yi a firamaren bayan kasuwa.
Iya Sikira kullum tana gabana da kujerar tsuguno,
ta ba ni ruwan leda, in ba ta inuwar laima.
Mun dangwala, mun tsaya har duhu,
an ƙirga da fitilar waya muna amsawa da ƙarfi,
aka manna sakamako a bango.
Kwana uku ruwan Legas ya lashe tawada,
na huɗu mai maganin basir ya manna tasa a kai.

Na tambayi Sha'aibu mai shayi,
wa ya zo na biyu shekarar da aka haifi Hajjo?
Ya ce mai hula ja. Na ce a'a, mai gemun nan.
Muka yi musu har madara ta huce,
ba wanda ke da takarda.

Ruwa ya ɗauke. Direbobin danfo suka dawo da yunwa.
Shekara ashirin ta tafi da mai zuwa Ajah,
wata goma ta bi ɗan sanda da albasa a ciki,
mai ya ratsa lambobi har ana hango na baya ta gaba,
wanda ya ci da wanda ya faɗi, yaji ɗaya.

Shafi na sittin kaɗai na ninke, na sa a aljihu.
Gobe in Allah ya kai mu zan sayi littafi mai fallaye arba'in,
ranar zaɓe in riga ruwa zuwa bango.
Ban gama tunanin ba wata ta ce,
"Malam, na dubu, a cika yaji."
Na miƙa hannu, na yago wata shekara.