Agogon Bahago

Ran da ya tsaya cak, na kai shi wurin Giɗaɗo
a bakin Tashar Dukku, ƙarƙashin lema mai faci uku.
Ya maƙala madubi a ido, ya ɓare bayan agogon,
ya daɗe a sunkuye kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Ya ce, "Wannan ba faɗuwa ya yi ba,
girgiza ce ta kashe shi. Kai bahago ne?"
Ban amsa ba.
Tabon zarto ne ya amsa,
wanda ke kwance a babban yatsana na dama,
yatsan da ke riƙe katako yana jiran ƙaddara.

"Guduma dubu a yini," in ji shi,
"kana dukan ƙusa, kana dukan lokaci.
Mai da shi ɗaya hannun,
wancan mai zaman kashe wando."

Na yi dariya har da tari.
Hannun da Goggo Dudu ta ƙare ƙarfinta a kansa!
Ina ɗan shekara biyar, a Kumo,
da an sauke tukunya sai ta kwance ɗankwali
ta ɗaure min na hagu a baya,
miyar kuka na bin gwiwar hannuna,
lomar na ɓata hanya tsakanin akushi da baki.
Ta ci nasara a kan tuwo, Allah Ya jiƙanta:
har gobe da dama nake ci,
da shi nake gaisawa, da shi nake karɓar canji.
Amma ran da na fara ɗaga guduma
ɗaurin ya warware da kansa.

To, na mai da shi dama.
Sai ga kunnen wani ya juya wa yatsuna baya,
yana kallon gwiwar hannu kamar mai fushi.
Wanda ya ƙera shi, can inda yake,
bai taɓa mafarkin akwai ni ba,
shi da maƙerin almakashi uwarsu ɗaya.
Kullum bayan lisha sai na cire shi tukuna,
in murɗa sau goma sha biyu,
in kara a kunne, in ji yana tafiya.

Wata Laraba, an sallame azahar a Jekadafari,
wani dattijo ya kama wuyan hannuna ya jinjina:
"Madalla! Har a agogo ka fifita dama.
Irinku sun yi ƙaranci."
Na sunkuyar da kai, na karɓi yabon da ban noma ba.
Kafin la'asar, a cikin keke, wani ɗan makaranta
ya taɓa ni a hankali, don kada in ji kunya:
"Baba, kun yi kuskure, a hagu ake sawa."
Yini guda, hannu guda,
na zama waliyyi, na zama baƙauye,
agogon kuwa bai ƙara minti ba, bai rage ba.

Farin zoben da ya bari a hannun hagu
rana ta cinye shi cikin wata biyu.
Yanzu hannun tsirara yake, gumi da garin katako,
ba ya tambayar ƙarfe nawa.
Na dama ke sanar da shi in an tashi.

Jiya Hajjo, autata, ta kai hannu cikin kwano,
na ga wanda ta kai.
Uwarta ma ta gani. Ta dube ni, na dubi rufi,
ɗankwalinta bai motsa daga kanta ba.

Yau na biya ta Babbar Kasuwa,
na sayo na roba, ja, mai hannuwa a zane,
wanda kullum ƙarfe uku ne a wurinsa.
Na tsuguna, na ce, "Wanne za a ɗaura wa?"
Ta dubi agogon, ta dubi nawa,
ta miƙo duka biyun.