Shekara Goma Sha Ɗaya

Da rana Rodel direban tasi ne a Manila,
mai tsayawa a jar danja ko da titi wayam,
mai mayar da canjin peso biyu.

Da dare sai ya ɗauki rimot ɗin da maɓallansa suka sule,
ya sace mota a birnin da babu shi a taswira,
jiniya a bayansa, yana dariya ƙasa-ƙasa
kada Luzviminda ta farka.

Ya fasa bankin nan sau ɗari.
Mai jaridar bakin gada
har yau maganarsa ɗaya.

Shekarar da wasan ya fito aka haifi Jomar.
Yanzu ya kai kafaɗarsa,
ya fi shi iya zille wa 'yan sanda.
Baba, na gaba fa, yaushe?

Kamfani ya ce saura ƙiris.
Haka ya ce bara.

Kuɗin yana gwangwanin biskit.
Ambaliya ta ci sau biyu, makaranta sau ɗaya.

Jiya bai saci komai ba.
Ya tuƙa har bakin tekun wasan,
ya kashe inji,
yana kallon rana tana faɗuwa
inda ta saba.