Lissafin Maigadi

Shekara goma sha bakwai nake gadin ƙofar nan,
sakatariyar ƙaramar hukuma, a birnin Katsina.
Na san kukan kowace mota, na san tarin kowane shugaba,
na san ƙwan da ke baranda tun zamanin wani kantoma,
dare da rana yana ci, ba mai ce masa ya huta.

Ofishin ma'aji ya fi cikin randa sanyi.
A tashi ran Juma'a, a ja ƙofa,
a bar na'ura tana hura wa takardu iska har Litinin.
Na taɓa magana sau ɗaya.
Aka ce, Sada, kai da ƙofa aka haɗa ka,
mi ka sani a kan wuta?

Sai ga su wata Talata cikin motar jami'a,
ɗalibai tara da malamarsu, Dakta Baraka,
riƙe da wani ƙarfe mai baki irin na ƙaguwa,
ya ciji waya, ya faɗi abin da wayar ta sha.
Aka sa hannu a takarda, aka ɗau hoto, aka ci cincin,
manya suka watse.
Ita ko ta jawo benci ta zauna kusa da ni:
Baba, in kowa ya tafi gida,
wace fitila ce ba a kashe ta?

Na ce, ɗiyata, yau kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi.
Na zaga da su kamar mai nuna iyakar gonar gado.
Ga firji, ba komai ciki sai ruwan leda biyu.
Ga tanki, ya cika yana amai har bango ya yi gansakuka.
Ga zauren taro, ba kowa,
fanka bakwai suna yi wa kujeru fifita.

Wani siririn yaro, Nafi'u, shi ke rubutu.
Mako uku yana ƙirga, alƙalami a bayan kunne.
Ran da ya ce jarka arba'in ta gas ke ƙonewa a banza duk wata,
ma'aji ya cire tabarau, ya goge da bakin riga,
ya ce a miƙo takardar shi ma ya karanta.

Ba wani abin mamaki suka yi ba.
Sun sauke ƙwayaye masu zafi, sun ɗaura masu sanyi,
sun shafe kwanon rufi da farin fenti,
sun dasa darbejiya shida ta yamma.
Aka gano, ashe tagogin nan suna buɗuwa!
Ni kuma aka ba ni allo da alli,
in na kashe in ja layi, don kar in manta.

Ba kowa ya yi murna ba.
Ɗanlami mai janareto ya daina amsa gaisuwata;
galan ɗin da ke fita da magariba ya daina fita,
wasu na ce masa ihisani, wasu na ce masa sata.
Har tsakar da ke kiwon ƙwari a gindin tsohon ƙwai
ta yi ƙaura, ta ji canjin a cikinta.

Kuɗin da aka rage, rabi ban san inda ya kwana ba.
Rabin dai na gan shi da idona:
faranti biyu masu shan rana a rufin asibitin unguwarmu.
Ungozoma ba ta riƙe tocilan da haƙori ba
daren da aka haifi jikata.

Nafi'u ya gama, an ce sunana na cikin kundinsa,
shafi na biyu, ƙasa da na mahaifinsa.
Wasu yaran sun zo, suna auna kasuwa da makarantu.
Ni dai bayan isha'i ina bin baranda,
ƙyas, ƙyas, ƙyas,
sai tsakar gida ta yi duhu mai daɗi.
In ɗaga kai, ga abin da ƙwan nan ya ɓoye mini shekaru:
can sama, a kan ganuwa,
Kaza da 'ya'yanta.