Ƙusoshin Takalmi

Dasiyu, taɓa zugazugin, kada wutar ta yi barci.
Yau ƙarfen matattu za mu narka.
Dubi kan mashin nan, tsatsa ta cinye rabinsa,
wani fatake ya zo da shi daga kudu,
ya ce ko zai yi ƙusa. Zai yi.
Amma kafin ya yi ja, saurara.

Beturiyu, shugaban ɗarinmu, mai sandar inabi,
shi ya ba ni labarin, tsakanin duka da duka:
wai da can Rum ba ta da soja, manoma gare ta.
In ƙaho ya yi kuka, mutum ya jingine garma,
ya sauko da garkuwar da alkamarsa ta saya.
Mai hali ya zo da sulken tagulla,
marar hali ya zo da majajjawa da duwatsun rafi.
Su jeru kafaɗa da kafaɗa kamar bango,
kafin sanyi ya sauka kowa ya koma gida.

Sai tsaunuka suka koya musu hankali:
bango ba ya hawa tudu.
Aka kakkarya shi gungu-gungu, sahu uku,
samari a gaba, magidanta a tsakiya,
masu furfura can baya, gwiwa ɗaya a ƙasa, suna jira.
In ka ji an ce magana ta kai ga masu furfura,
to, ranar ba ta yi kyau ba.

Gajeren takobi? Na mutanen Hispaniya ne.
Rigar zobba, an ce daga Gol.
Rum ba ta jin kunyar aro, yaro,
abin da ka sare ta da shi yau
da shi za ta ƙwanƙwasa ƙofarka gobe.

Sannan yaƙi ya yi ƙafa, ya haye teku.
Wanda ya tafi da baƙin gemu ya dawo da fari,
ya tarar ƙaya ta gaje gonar,
ko wani mai zobe ya haɗa ta da tasa.
Sai aka buɗe wa marar gona ƙofa.
Hukuma ta ba shi kwalkwali, ta zare a albashi,
ta ɗora masa tukunya, gatari, turaku, guzurin kwanaki,
har 'yan kallo na kiransa alfadari.
Aka kafa masa gaggafa a kan sanda, aka ce bi.
Ya bi. Amma ciki ya san mai cika shi:
idonsa ya bar birni ya koma tafin hannun jagora,
har gaggafa ta yi karo da gaggafa
a filin da duk gawar yare ɗaya take ji.

Ni dai shekara ashirin da biyar na yi.
Ban taɓa ganin Rum ba, ko hayaƙinta.
Uwata ta mutu ba ta san kalmar Latin ɗaya ba,
amma ga fallen tagulla biyu a akwatina,
sun ce ni ɗan Rum ne. To, na ji.
Gwiwata ce kawai ba ta yarda ba.

Yanzu leƙa ta taga, dubi bakin Danub.
Waɗanda aka gina ganuwar nan dominsu
su ne a layi, da wanduna da jan gashi,
suna jiran magatakarda ya rubuta sunansu.
Takobi ya fara tsawo kuma, doki ya yi daraja.
Beturiyu da ya gani, da ya karya sandarsa.

Ya yi ja. Miƙo awartaki.
Ƙusa sittin zai ba mu, in ban yi ɓarna ba.
Gobe wani dogon yaro daga ƙetare
zai taka su zuwa inda aka tura shi,
bai san mashin wa yake takawa ba.
Ni ma ban sani ba. Hura.